Ɓauren da Aka Kulle a Ɗaki

Tsohon direba mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. To ranar da ganyen ɓaurensa ya fara ɗigo-ɗigon rawaya, bai kawo ƙwari a ransa ba, mutum ya shiga nema.

Autarsa ce ta dasa ɓauren a rabin duro kafin aiki ya kai ta nesa. Ta ce, "Baba, amana ce, ka riƙe min shi har ya yi 'ya'ya." Duk kiran bidiyon da za ta yi sai an nuna mata shi.

Wata safiya ya leƙa ta taga, sai ga telan da suke tsakar gida ɗaya a tsugune, yana ɗaga ganyen yana fesa wani abu daga gorar roba. Dama telan ya taɓa cewa duron ya tare masa hanyar babur. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum.

"Me kake zuba wa itacena?"

"Ruwan sabulu ne, Baba. Wasu ƙananan ƙwari ne a bayan ganyen, da kyar ido ke ganinsu. Nawa ɓauren ma sun kama shi, da wankewa na kore su."

"Ƙwarin da ba a gani ko? An gode. Kar ka ƙara."

Da kansa ya ja duron yana nishi har cikin ɗakinsa, ya rufe taga, ya danna kwaɗo. Su kuwa ƙwarin nan babu abin da suke so irin ɗaki mai zafi, ba iska ba wanki. Gaba ta kai su. Ba a jima ba yana irin ta gizo-gizo ta lulluɓe rassan, ganye ya yi ta zuba. Tsohon ya canza kwaɗo, ya daina amsa gaisuwar tela, har tasa matar ya tsare da tambayar wa take ba makulli.

Sai ranar da wani ganye ya faɗo kan farar rigar filonsa, ya ga jajayen ɗigo suna tafiya. Kunya ta kama shi, amma reshen da ya karya ya gwada ya riga ya bushe.

Da auta ta kira, tsoro ya hana shi faɗin gaskiya. Ya fita ya tsaya gaban ɓauren tela, kore shar, ya juya wayar.

"Kin gan shi, lafiya lau."

Ta ce, "Baba, nawa a duro yake, wannan kuma a tukunya. Ina nawa?"

Keken ɗinkin tela ya tsaya. Tsohon ya waiwaya neman wanda zai ɗora wa laifi, tsakar gidan kuwa daga shi sai mutumin da ya hana wanke itacen.