Hodar da Mai Fenti Ya Sayo

Hodar da Mai Fenti ya sayo wa matarsa ba kalar fuskarta ba ce, kalar fuskarta ta bara ce. Wannan kuskuren ne ya tona abin da suka yi watanni suna ɓoye wa 'yarsu.

Da safe, yana ɗaura takalmi zai tafi gareji, Maman Auta ta miƙo masa wata 'yar kwalba da ta ƙafe ƙaf. Hodar ruwa ce, irin wadda mata ke shafawa su daidaita fuska kafin kwalliya.

"Ka biya kasuwa ka sayo min. Da la'asar Auta za ta iso."

"Ni zan shiga layin kayan kwalliya? Da furfurata?"

"To in tafi da kaina, in zube a hanya a kwaso maka ni?"

Ya karɓa ya jefa a aljihu.

Tun da ƙodarta ta gaza aka fara yi mata wanki a asibiti, ta rame, fatarta ta yi wani irin duhu mai toka-toka. Auta ba ta sani ba. Auta suke ce mata, alhali ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Tana jami'a a wani gari mai nisa, kuma ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje bayan ta daɗe tana nema. Yau za ta zo sallama, gobe jirgi. Duk lokacin da ta kira, uwar sai ta ce kamarar wayar ta lalace, su yi magana haka nan.

"In ta gan ni a haka ba za ta tafi ba," in ji Maman Auta. "Na san abin da na haifa. Yini ɗaya ne kawai, mu daure."

A gareji wani direban tasi na jiransa da ƙofa a lotse, ya rubuto lambar fentin motar a tafin hannunsa.

"Ga lambar kamfani, a haɗa daidai."

"Goge hannunka," in ji Mai Fenti. "Wannan lambar ta ranar da aka ƙera motar ce. Rana ta ci ta, ruwa ya doke ta. In na fesa maka ita, ƙofar za ta fito kamar an aro ta. Ciro min murfin tanki in kai shi rana in haɗa."

"Kai dai ka cika tsirfa."

"Tsirfar ce ta sa ka wuce gareji goma ka zo nan."

Da azahar ya wanke hannu da fetur, ya shiga kasuwa. Shagon kayan kwalliyar ƙarami ne, ya sha fararen fitilu, sai ƙamshi. Mai shagon, wata matashiya mai fara'a, ta juya kwalbar ta duba lambar da ke gindinta.

"Akwai ta. Amma Baba, wannan kwalbar ta kwana biyu fa. Fata tana canjawa. Da ka zo min da mai ita, in ɗiga mata a muƙamuƙi, mu fita bakin ƙofa mu duba a rana. Wadda ta ɓace a fatarta ita ce tata."

"Ba za ta iya zuwa ba."

"To ba komai." Ta jera masa kwalabe a kan gilashi, daga mai haske zuwa mai duhu. "Wacce ta fi kama da ita yanzu?"

Ya tsaya yana kallonsu. Mutumin da ke bambance fari da fari a jikin mota daga tsallaken titi, sai ga shi ya kasa nuna ko ɗaya. Gaskiyar magana, tun da ciwon ya fara ya daina kallon fuskarta. Shi ke kai ta asibiti, shi ke ɗaga ta, shi ke tsayawa layin magani, bai taɓa fashi ba. Amma in tana magana, ɗankwalinta yake kallo, ko bango. In ya rufe ido, fuskar da yake gani ita ce ta da.

Sai abin ya ba shi haushi.

"Ke yarinya, tun kafin a haife ki nake haɗa kala. Ba ni mai lambar nan kawai."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ta ce, ta sa masa a leda.

A gida labulen ɗaki a sake yake, domin haske na sa mata ciwon kai. Babban madubin kuwa tuntuni ta juya shi yana kallon bango. Ta zauna bakin gado da ƙaramin madubi, ta shafa a goshi, ta shafa a kumatu, a hankali, tana hutawa. Ta sa kwalli, ta sa riga mai rufe wuya. Wataƙila ba ta gani ba saboda duhu. Wataƙila ta gani, ta so ta sake ganin tsohuwar fuskarta ko na yini ɗaya ne.

"Baban Auta, dube ni. Ya yi?"

Ya dubi ɗankwalin. "Ya yi."

"Ka duba dai da kyau."

"Na ce ya yi. Kamar amarya."

"Maƙaryaci," ta ce, tana dariya. Rabon da ya ji dariyarta har ya manta.

Auta ta iso da ƙaton akwati sabo fil, tun daga ƙofa tana surutu.

"Wannan duhu fa? Kun koma jemagu ne bayan tafiyata?"

Kafin wani ya yi magana ta yaye labulen. Hasken la'asar ya faɗo a kan gado.

Mai Fenti ne ya fara gani, domin aikinsa ne. Fuskar ta yi haske fayau, wuyan da kunnuwan da hannayen sun yi duhu, ga layi a muƙamuƙi kamar an ja shi da zare. Sabuwar ƙofa a jikin tsohuwar mota.

Auta ta fashe da dariya. "Mama, fuskar wa kika aro?"

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ta dubi fuskar, ta dubi hannun, ta sake duban fuskar. Ita ta san hodar nan, tun tana ƙarama take satar shafawa, kuma ta san a da ɓacewa take yi a fatar uwarta. Ta durƙusa, ta sa bakin mayafinta ta goge kunci ɗaya. Wuyan rigar ya zame, filasta ta bayyana, da 'yar robar da ake jona injin wankin ƙoda.

"Tun yaushe?"

"Rana ce ta ɗan dafa ni," in ji uwar.

"Wace rana, a ɗakin nan? Baba, tun yaushe?"

"Gobe za ki tafi. Ni na ce."

"Ban tambaye ka gobe ba."

Auta ta tashi ta fita, suka ji ta buɗe famfo a tsakar gida, ruwan ya yi ta zuba ba ta rufe ba.

Maman Auta ta juya kwalbar a hannunta. Ba faɗa a muryarta.

"Da irin kalar da nake yanzu ka sayo, da cewa za ta yi rama ce da tsufa, ta yi min faɗan cin abinci, ta hau jirginta." Ta ajiye kwalbar. "Ba ka san kalar ba ko?"

Ya buɗe baki zai ce ita ta ba shi kwalbar, sai ya rufe. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, inda hasken ya fi ƙarfi, ya dube ta. Rabin fuska ta bara, rabi ta bana. Ya daɗe yana kallon ta banan, ita ma ba ta kawar da kai ba.

Auta ta dawo da ruwan ɗumi a roba da tsumma. Ta miƙa masa.

"Goge mata sauran. Kai ka iya."

Ya goge a hankali, yadda bai taɓa lallaɓa jikin mota ba.

Washegari jirgin ya tashi ba Auta. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, uwar ta yi kuka, Auta ba ta ko ɗaga kai ba. Makarantar ta jira iya jiranta, ta ba wata gurbin. Sabon akwatin yana nan ƙarƙashin gado, a ciki ake ajiye magunguna.