Ranar da Ƙwarya Ta Taso a Allo

Mufida ta sake danna kwamfutar. Hoton ƙwarya ya bayyana farat ɗaya a talabijin ɗin da ke bangon asibitin, kamar dama can yana wurin. Cikin matan da ke jere a benci babu wadda ta ɗago kai.

Ita ta haɗa shafin kwamfutar da ke nuna hotunan da kanta, saboda abin da take gani duk ranar riga-kafi in ta kawo 'yarta Halima. Sista Dibora, ma'aikaciyar jinya, takan tsaya bakin ƙofa ta kira sunan jariri, su kuwa matan rugagen Gwandu saboda kunya ba sa amsa sunan ɗan fari ko za a kai la'asar ana kira. Sau biyu ɗaya daga cikinsu, Rabi, tana hawo mota zuwa nan Kalgo, sau biyu tana komawa da ɗanta ba allura, ana kiran sunansa tana sunkuye da kai. Yau ma ga ta can ƙarshen benci.

Dabarar Mufida ita ce a ba kowace uwa kati mai hoto. In layi ya zo kanta, hoton ya taso daga ƙasan allo a hankali har ya ja ido. Na Rabi ƙwarya ce. Hotunan gwaji da ta jera tun a gida suna tasowa lafiya, amma duk wanda shafin ya ƙirƙiro sabo, sai ya diro ba motsi.

Sista Dibora ta leƙo ta ce allurar da ta buɗe ba ta kwana. "Maman Halima, in abin nan naki bai yi ba zuwa sha ɗaya, zan koma kiran suna. Maƙogwarona dai bai taɓa neman caji ba."

Mufida ta ce a ba ta minti goma, ba tare da ta san me za ta yi da su ba. Halima ta fara mutsu-mutsu a baya. Ta kwance goyon, ta ɗaga ta ta hammata. Yarinyar ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafa a iska, ba inda ta je. Sai da tafin ƙafarta ya taɓa siminti ta tsaya cak, sannan ta ɗaga ɗaya ta taka.

Mufida ta ƙura mata ido. Ashe abin da take yi wa hoton ke nan: tana ƙirƙiro shi tana ce masa tafi a lokaci guda, tun bai sauka a mafarinsa ba. Ta ɗora Halima a cinya, ta gyara shafin da hannu ɗaya. A ajiye shi ƙasa tukuna, a jira ƙiftawar ido, sannan ya motsa.

Ta danna.

Ƙwarya ta leƙo daga ƙasan allo, ta yi ta hawowa a hankali. Kawuna suka ɗago. Rabi ta dubi allon, ta dubi katinta, ta miƙe ta gyara zane ta shige ɗakin allura, babu wanda ya ambaci sunan kowa. Can sai ga kukan jariri daga ciki, mai ƙarfi.

Sista Dibora ta fito da takarda a hannu, ta buɗe baki za ta kira suna, sai ta fasa.

"To, gwana, danna na gaba."

Kifi ya taso. Mufida ta waiga tana neman mai shi a benci, sannan ta ga kifin a jikin katinta da Halima ke tsotsa.