Launin Zarton Assu

Bassu yana juya fenti a gwangwani, amma idonsa na tsallaken titi. Kwana huɗu ke nan zarton injin marigayi Assu yana kan teburin Lahsan an warware shi gunduwa-gunduwa, kuma kwana huɗu ke nan ko shayi bai yi wa Bassu daɗi a baki ba.

Shi ne zarto na farko da ƙungiyar masu saran itace ta garin Azru ta shiga daji da shi. Ranar Juma'a ƙungiyar za ta cika shekara hamsin, za a rataye shi a zaurenta, da ɗan allo a ƙasa mai sunan wanda ya mayar da shi sabo. Shekara ashirin da shida Bassu ya yi yana wasa haƙoran zarton nan, ya san tarinsa kamar yadda ya san na matarsa. Amma da aka tashi, sai aka wuce ƙofarsa aka kai wa Lahsan, ɗan ƙanwarsa, wanda shi ya koya masa riƙe burushi. Lahsan yana ɗaukar aikinsa a waya ya watsa wa duniya, har daga Faransa ake aiko masa da tsofaffin injuna. Kishi Bassu yake yi, ya kuma san kishi yake yi, sanin bai rage masa komai ba.

Bayan azahar sai ga Lahsan ya tsallako, riƙe da faifan ƙarfe uku da ya gwada fenti a kansu.

"Kawu, barka da aiki."

"Manyan gari. Yau wayar ce ta mutu aka tuna da mu?"

Lahsan ya yi kamar bai ji ba, ya jera faifan a kan tebur. "Fentin jikin zarton duk ya mutu, shekara ashirin yana rumbu ruwa na zuba masa. Na kankare ragowar, na cire ɗan allon sunan kamfani kamar yadda ka koya mini, na samu launin asali a ƙarƙashi, rawaya tas, rana ba ta taɓa shi ba. Sau uku ina haɗawa. Lalla Itto, matar marigayin, ta duba ta ce wannan ba zarton mijinta ba ne. Su kuma 'yan ƙungiya sun ce sai abin da ta yarda da shi."

Bassu ya ɗaga na tsakiya ya kai shi bakin ƙofa, wurin haske. Babu ko ɗigon kuskure. Shi kansa da wuya ya haɗa wanda ya fi shi, wannan kuwa ya ƙara masa zafi.

"To ka tambayi Faransawanka mana."

"Kawu, don Allah. Yau Litinin."

"Ni mai wasa haƙora ne, me na sani a launi?"

Lahsan ya kwashe faifansa ya koma. Bassu ya jira har ya shige shagonsa, sannan ya jawo tsani.

Bangon bayan shagon Bassu a rufe yake da murafen gwangwani. Haka yake aiki tun fil azal: duk launin da ya haɗa, sai ya bar shi ya bushe a cikin murfi, ya zana ma'aunin a baya da ƙusa, ya kafe a bango. Can ƙuryar sama akwai na farko, ƙura ta binne shi.

Yana da shekara goma sha tara aka yi wata babbar dusar ƙanƙara. Assu ya ajiye zartonsa a daji, dusar ta rufe shi, sai da aka kwana uku ana tono. Da ya same shi ya kawo shagon da Bassu ke koyon aiki ya ce a shafa masa launin da ko makaho zai hango. Maigidan ba ya nan. Bassu ya zuba jan fentin da ma'aikatan gandun daji ke yi wa itatuwa alama da shi a cikin rawayar tarakta, ya shafe zarton kaf. Bai cire allon kamfani ba, don a lokacin bai san ana cirewa ba, kewaye shi ya yi da burushi. Kuskuren da ya yi yana ɗan koyo shi ne yau ya ɗaure gwanin waya.

Ya goge murfin da hannun riga, ya sa a aljihun jallabiya, ya kulle shago. Gidan Lalla Itto ya nufa, yana ta shirya yadda zai ce, cikin ladabi, wai yara na yanzu suna da ƙoƙari. Da ya tarar da Si Muha, shugaban ƙungiya, zaune ana zuba masa shayi, har ya gode wa Allah a ransa.

Bayan gaisuwa ya miƙa wa tsohuwar murfin. Ta karkata shi wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

Bassu ya gyara zama.

"Assu ya tsani launin nan har ya mutu," in ji ta, tana dariya hawaye na zuba. "Kullum sai ya ce wani sakaran yaro ne ya mayar masa da zarto kabewa. Ni kuwa daga bakin ƙofar nan nake hango shi a kafaɗarsa tun yana kan tudu. In na ga kabewar nan tana gangarowa, na san yau ma itace bai faɗa masa ba, sai in ɗora tukunya."

Bassu ya ajiye kofin shayinsa. Ya jira a tambaye shi inda ya samo murfin. Ba wanda ya tambaya.

"Lahsan ne ya aiko ka?" in ji ta. "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Na ce da ku zai gano."

"Ai shi ba ya barin aiki sai ya ga ƙarshensa," in ji Si Muha. "Ma'allam Bassu, ka taimaka ka miƙa masa yanzu, lokaci ya ƙure."

Shayin Lalla Itto ya sha sukari, amma Bassu da ƙyar ya haɗiye. A hanya ya yi tunanin jefa murfin a kwata. Sai ya tuna tsohuwar a bakin ƙofa tana duban tudu, hannunsa ya ƙi. Ya tsaya a gindin wata katanga, ya juya murfin, ya dubi ma'aunin da ya zana shekara arba'in da uku da suka wuce. Ya goga bayan a jikin dutse har rubutun ya ɓace.

Ya ajiye shi a teburin Lahsan, kusa da gunduwoyin zarton. "Ta ce shi ne."

Lahsan ya kalli launin, ya kalli kawunsa, sannan ya juya murfin da sauri, don ya san al'adar gidan da ya tashi.

"Kawu, ma'aunin fa?"

"Tsatsa ta cinye."

Ƙarfen yana ƙyalli, ko yaro ya gani ya san yanzu aka kankare shi. Lahsan ya shafa wurin da babban yatsa.

"Yana nan a kaina," in ji Bassu. "Gobe Talata, ranar kasuwa. Da hantsi, in gidan shayi ya cika, ka harhaɗa zarton ka ɗauko shi a kafaɗa ka tsallako shagona. Kada ka biyo ta baya."

"To, Kawu."

Bassu ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai waiwayo ba.

"Ka zo da wayar nan taka."