Jakar Rijiyoyin Alakos

Fadilu ya danna maɓallin, ya ja da baya yana gyara hula. Taswirar rijiyoyin yankin Alakos ta fito a bango, baƙin da suka zo Gure daga Damagaram suka gyara zama. Nuriyya tana kujerar ƙarshe kusa da ƙofar biro, wato ofishinsu. Ta san abin da zai faru, kuma wallahi daɗi take ji.

Ita ta rubuta purogaram ɗin nan, mai nuna wa makiyaya hanya daga rijiya zuwa rijiya idan rani ya tsananta. Tana hutun haihuwa abokin aikinta Fadilu ya goge sunanta ya sa nasa. Yau baƙin za su zaɓi shugaban sashen ordinatar, wato kwamfuta, na porjen, shirin taimakon makiyaya da suke wa aiki, kuma mai suna a kan aikin shi za a ba.

Dabarar ba wuya. Fonksiyon ce guda, wato wani yanki na purogaram ɗin, mai kiran kanta. Ta isa rijiya, ta jefa sunan rijiyar a jaka, ta sake kiran kanta a ta gaba riƙe da jakar, don kada ta koma inda ta fito. Jakar kuwa sau ɗaya tak ake ba da ita wayam. Shi ya sa Nuriyya ta yi wata 'yar fonksiyon a waje, ba ta da aiki sai miƙa jakar a farkon tafiya. Gogan naka, don kada a gane hannunta, ya share 'yar ta wajen, ya cusa jaka wayam cikin babbar. Ke nan duk kira sai a zazzage jakar, fonksiyon ɗin ta manta inda ta bi. Ya gwada da 'yan rijiyoyin gwaji da ba su da hanyar komawa baya, abu ya tafi lafiya lau. Jiya Nuriyya ta ga ɓarnar. Ta rufe ordinatar, ta tafi gida ta yi wa jaririnta wanka.

Jan layi ya tashi daga rijiyar farko zuwa ta biyu, ya dawo, ya koma, ya dawo, kamar akuyar da aka ɗaure. Can sai allon ya cika da jan rubutu.

"Matsalar kuran ce," in ji Fadilu, yana ɗora wa wutar lantarki laifi, alhali fitila tana ci sarai a bisa kansa.

Ya sake dannawa. Haka dai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya lallaɓo wurinta kamar mai neman ruwan sha, ya sunkuya.

"Nuriyya, don girman Allah. Kin san inda take."

"Na sani."

"To, faɗa mini a kunne. Mu yi magana daga baya."

Ta tuna ranar da ta dawo aiki da goyo, ta ga sunansa a shafin farko, ya ce mata ai duk porje ɗaya ne. Har yanzu abin yana ci mata zuciya.

Mushe Barmo, wato Malam Barmo, shugaban biro, ya waiwayo. "Madam Nuriyya, ko za ki duba mana?"

Layi biyu ne gyaran, tana ganinsu a ka. Ta miƙe cikin ladabi, ta gyara mayafi.

"Mushe, aikin Fadilu ne. Ya ce shi ya rubuta shi tun daga farko. Wa zai fi shi sanin cikinsa?"

Duk ɗakin ya juya ga Fadilu. Matar da ke shugabantar baƙin ta ajiye alƙalami, ta dube shi.

"To, Mushe Fadilu, muna jira. Bayyana mana yadda purogaram ɗin yake farawa."

Nuriyya ta koma ta zauna, ta jawo kujerarta gaba kaɗan don ta ji da kyau.