Bencin Gaba a Makokin Ashworth

Jabez Ashworth baƙin mutum ne, kuma sunansa bai taɓa yarda da hakan ba. Duk ranar da ya je wurin likita a Levenshulme, cikin Manchester, aka leƙo aka kira "Mr Ashworth", sai idon ma'aikaciyar ya tsallake shi yana neman wani tsohon Bature mai sanda. Shi kuwa sai ya ƙyale ta ta sake kira kafin ya miƙe. Ya daɗe yana tuƙin bas a kan Stockport Road, gashinsa ya fara furfura a kan sitiyari, amma abin bai daina ci masa rai ba.

Sunan ba na aro ba ne. Kakansa Harold Ashworth ya yi aikin kuza a Bukuru zamanin Turawa. Wata mata mai suna Garos ce ke yi masa wanki, ita ta haifa masa ɗa namiji, Eli. Yaron bai fara tafiya ba Harold ya hau jirgin ƙasa ya yi Ikko, daga nan ya shiga na ruwa, shi ke nan. Suna kaɗai ya bari, shi ma ba shi ya bayar ba. Limamin mishan ne ya saka wa yaron ranar baftisma, ya ce shi ba zai ɓoye abin da duk gari ya sani ba.

Eli shi ne uban Jabez. Ya tsufa yanzu, idonsa ya dushe, yana zaune a Bukuru a gidan da Jabez ya gina masa. Duk Lahadi bayan coci sai sun yi waya, kuma duk wayar da tambaya ɗaya take ƙarewa.

"Ka ga mutanenmu kuwa?"

"Ban gan su ba tukuna, Baba."

"To. Ka dai riƙa dubawa."

Tsohon ya ɗauka Ingila kamar Bukuru ce, inda in ka tsaya a bakin kasuwa ka ambaci sunan gida, wani zai kama hannunka ya kai ka har ƙofa.

'Yar Jabez, Praise, wadda ke jami'a, ita ta tono asalin sunan. Ta ce wani ɗan ƙauye ne can wajen Rochdale, ba nisa da Manchester. Ma'anarsa gona mai shinge a cikin wasu itatuwa da suke kira ash. Wanda ya bar wurin sai a riƙa kiransa da sunan wurin, kamar dai yadda za a ce Garba Pankshin ko Audu Kafanchan. Da aka buɗe masaƙun auduga sai suka watsu cikin garuruwa, wani reshe ya gangara Birmingham aikin ƙarfe, daga cikinsa Harold ya fito. Jabez ya taɓa ɗaukar mota ya je ya ga wurin da idonsa. Kwari ne, da tumaki, da taɓo. Ya tsaya a cikin yayyafi yana jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa. Sanyi kawai ya ji.

Praise ɗin ce kuma ta tofa yawu a wata 'yar kwalba ta aika aka gwada jini. Sakamako ya nuna wata mata a Birmingham, Margaret, jininsu ɗaya. Ashe da Harold ya dawo gida ya yi aure ya haifi Dennis, Dennis ya haifi Margaret. Wato Dennis ƙanin Eli ne uba ɗaya. Praise ta aika wa matar saƙo cikin ladabi. Washegari ta tarar an toshe ta. Jabez bai gaya wa ubansa ba, ya ce sai ya sami hanyar da ta dace.

Yana neman hanya mutuwa ta riga shi. Wata safiya Praise ta miƙo masa waya a kicin, sanarwar rasuwar Dennis Ashworth ce, da ranar jana'iza da wurin.

Wannan kam ba a ɓoye wa mutum. Ya kira Bukuru ya faɗa wa tsohon komai. Eli ya ce, "Ashe ina da ƙane. Ashe kuma ya tafi." Ya gyara murya. "Za ka je. Ba baƙo za ka je ba, Jabez. Ni ne babba a gidan nan, kai ne ƙafata. Ka zauna inda zan zauna."

Praise ta yi ƙoƙarinta. "Daddy, you can't just turn up. Ba su gayyace ka ba."

"Wa ya taɓa gayyatar mutum makoki? Biki ne?"

"A nan haka ake yi."

"A nan ma mutuwa ake yi. Kawo mini baƙin takalmina."

Matarsa Rhoda ba ta sa baki a gardamar ba. Ita abin da ta sani, gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya, dangi ne ke ciyar da shi. Ta ari manyan kuloli wurin matan zumunta na coci, ta dafa dafa-duka, ta soya kaji, ta yi wainar masa mai yawa. Tana da shift a care home, gidan kula da tsofaffi, ba za ta iya zuwa ba, amma ta ce kada a ce matar gidan Eli ba ta san ya kamata ba.

A Birmingham ya biya ta Sparkbrook ya ɗauki Jalilu, don ba a zuwa gaisuwa mutum ɗaya kamar mara kowa. Jalilu mutumin Kumasi ne, tare suka yi tuƙin bas kafin ya koma Birmingham ya buɗe shagon nama a kan Stratford Road. Ya fito da farin kaftani da hula, ya leƙa bayan mota ya ga kuloli.

"Baturena, duk wannan na mutum nawa ne? Ka taɓa ganin jana'izar Turawa kuwa? Mutum goma da kare."

"Shiga mu tafi, mahauci."

"Ni dai ka ajiye mini cinya. In sun ba ka gadon sarauta kada ka manta da ni."

Wurin ba coci ba ne, ɗakin taro ne a inda ake ƙona gawa. Jabez bai san haka ba sai da ya ga dogon bututun hayaƙi a bayan ginin. A ciki mutane tsiraru ne, kowa ya zauna nesa da kowa kamar a ɗakin jiran likita. Jalilu ya tsaya a baya. Shi kuwa Jabez ya miƙe ta tsakiya, takalminsa na ƙara, har bencin gaba. Ya sunkuyar da kai ga akwatin, ya zauna.

A wurinsa ba wani abu ya yi ba. A gida, ɗan wa ba ya cikin masu zuwa gaisuwa, yana cikin waɗanda ake yi wa gaisuwa. In ya zauna a baya ma sai a ce ya raina mamacin.

Matar da ke kusa da shi ta juyo. Ba sai an faɗa masa Margaret ce ba. Kunnuwan Eli ne a kanta, manya, a buɗe kamar hannun tukunya, da wannan haɓa mai tsagi a tsakiya. Ya ji kamar ubansa ne ya sa hular mata ya zauna. Ita ma ta dubi haɓarsa, ta dube ta da kyau, sannan ta mai da idonta kan akwatin.

Wani mutum mai baƙar kwat, cikin masu shirya jana'izar, ya sunkuyo a kunnensa. "Family only, sir."

"I am family," in ji Jabez. Bai rage murya ba. "Sunana Ashworth. Wannan da ke kwance ƙanin ubana ne."

Mutumin ya dubi Margaret. Kalma ɗaya ta isa. Jabez ya jira ta. Ta girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai, irin yadda ake korar ƙuda daga fuska.

Aka taka da shi ta tsakiyar nan da ya bi ya shigo, kowa na duban takalminsa, har benci na ƙarshe kusa da ƙofa. Jalilu ya matsa masa. Bai yi ba'a ba wannan karon, ya dai ɗora hannu a gwiwarsa.

Aka sa wata waƙa a inji, wata mata ta karanta tarihin mamacin. Ta ce Dennis ɗa ne tilo a wurin Harold. Tilo. Labule ya zagaye akwatin da kansa, aka ce a tashi, wasu masu gawar na jira a waje.

Da a ce Jabez mai saurin karaya ne da ya tafi daga nan. Amma akwai abincin mutane a mota, kuma ba a mai da abincin makoki gida. Suka bi jerin motocin zuwa wani kulob inda za a sha shayi. Shi da Jalilu suka cicciɓi babbar kula, suna nishi, suka kai bakin ƙofa. Mai kula da wurin ya tare su ya ce ba a shiga da abincin waje. Ta gefensa Jabez ya hango teburin: burodi yanka-yanka da ɗan ganye a tsakiya.

Nan Margaret ta fito ta same su a filin ajiye motoci, ta rungume hannayenta saboda iska. Ta yi magana a hankali, da ladabi, irin ladabin da ba ya barin ƙofa a buɗe. Ta ce ta san ko shi wane ne, ta ga saƙon 'yarsa. Ta ce mahaifinta ya mutu bai sani ba, kuma ita ba ta ga dalilin da 'ya'yanta za su sani ba. Ta ce ai masu suna Ashworth sun cika arewacin Ingila, sunan wuri ne kawai.

"Ba sunan wuri na zo gaisarwa ba," in ji Jabez. "Ubana yana da rai. Ya tsufa. Ba ya son komai naku. So yake a ce an san da shi."

Da alama ta ji nauyi, sai ta shiga laluben abin da za ta ba shi ya tafi da shi. Abin da ta samo kuwa, da ta bar shi a cikinta.

Ta ce kakanta yana son Najeriya sosai, har ya mutu yana zancenta. Yana ce musu "sannu" da "maza-maza" suna dariya. Ta ce yana da wani kare a can, sunansa Dogo, da zai taho ya kasa rabuwa da shi. Ya sa shi a jirgin ruwa, ya jira watanni hukuma ta sake shi, ya kai shi gida. Har yanzu kabarinsa na bayan tsohon gidansu, da ɗan dutse da sunansa a kai. Ta faɗi wannan tana ɗan murmushi.

Jabez ya dubi kunnuwan ubansa a kan wannan mata. Jalilu ne ya ce da Hausa, "Ɗauki can gefen kular, mu tafi."

A Sparkbrook suka sauke kulolin a bayan shagon Jalilu daidai an fito sallar azahar. Jalilu ya tsaya a bakin hanya yana kiran mutane, direbobi da masu gadi da wasu tsofaffi biyu 'yan Tamale. Ya ce musu abincin makoki ne, kawun wannan bawan Allah ne ya rasu. Kowa kafin ya ɗauki faranti sai ya zo ya kama hannun Jabez da hannu biyu.

"Sannu da haƙuri. Ya ƙarin haƙuri?"

"Allah ya ba ku dangana."

Yana zaune a kan wani kwalin tumatir yana amsawa. Gaisuwar da ya yi tuƙi tun daga Manchester don ya karɓa ke nan, ga ta tana fitowa daga bakin mutanen da ko sunan mamacin ba su tambaya ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Bukuru. Ya tashi ya koma gefen kwandon shara inda babu hayaniya.

"Ka je?"

"Na je, Baba."

"An binne shi lafiya?"

"An gama lafiya."

"'Yarsa fa? Ta yi kama da wa?"

"Da kai, Baba. Kunnuwan, haɓar, duka."

Ya ji tsohon ya yi wata 'yar dariya, ta jin daɗi. Jabez ya so a tsaya a nan. Amma Eli ya halarci makoki fiye da yadda zai iya tunawa, ya san tambayar da ke raba dangi da 'yan kallo.

"A ina suka zaunar da kai?"

Ƙarya na nan a kan harshensa, a shirye. Amma bai taɓa iya yi wa wannan mutumin ƙarya ba ko yana yaro.

"A baya, Baba. Kusa da ƙofa."

Jabez ya duba ko layin ya yanke. Can ya ji kukan zakara daga tsakar gidan Bukuru, sannan muryar ubansa, a bushe.

"Uwata ma ta ƙofar baya take shiga gidansa." Ya ja numfashi. "Kai dai har ciki ka shiga."

"Baba..."

"Ka wanke wa matan coci kulolinsu kafin ka mayar."

Maganar kare kam Jabez bai faɗa ba, kuma ba zai faɗa ba. Ya wanke kulolin a famfon bayan shagon Jalilu, ya kife su a mota, ya kama hanyar Manchester suna ta karo da juna a baya.

Ran Lahadi bayan coci suka yi waya kamar kullum. Eli ya tambayi Rhoda, ya tambayi karatun Praise, ya yi ƙorafin ƙafarsa da tsadar taki. Da suka zo ƙarshe Jabez ya jira tambayar nan da ya saba ji. Tsohon ya ce a gai da yara, ya kashe wayar.