Tabon Ƙafar Tsoho Ang

Duk gaɓar tekun nan, daga gonakin gishiri har bakin kogi, ba wanda ya san fararen tsuntsayen nan masu bakin ludayi kamar tsoho Ang Kim-sui. Bai taɓa zama a aji ba, amma sau uku guguwa ta cinye masa gida bai gusa ba. Kowace shekara in an kwashe kifi, yakan rage ruwan tafkinsa ya bar musu ƙananan kifaye, su kuwa su zo daga arewa su yi lokacin sanyi a wurinsa.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce wannan ne sanyin ƙarshe da zai ga fari ya ce fari ne. Ga shi wata ya yi nisa, tsuntsayen sai su yi shawagi su wuce.

"Baba, ko sun gaji da cika bakinka ne?" in ji 'yarsa Siu-lan, wadda ta baro birni ta karɓi aikin tafkin.

"Ke dai riƙe madubin hangenki. Ni kakanninsu ma sun san tarina."

Da safe ya naɗe wando ya shiga ruwan. A ƙwaurinsa akwai tabon da kwanon rufi ya yi masa a guguwa ta biyu, da shi yake awon zurfin ruwa shekara arba'in. Ruwa ya shanye tabon har ya taɓa gwiwa.

"Wa ya rufe magudana?"

"Ni ce. Na ga kifin sun takura."

"'Yar birni ke nan. Tsuntsun nan ba agwagwa ba ne, tsayawa yake ya yi lalube. Buɗe."

Kwana biyu ruwa na zurarewa, sai da ya sauka daidai tabon.

A rana ta uku hazon teku ya kwanta, ruwa da sama suka zama abu ɗaya. Ang ya ji fuka-fukai, sannan ya ji bakuna suna sharar ruwa, dama da hagu, kamar masu wankin shinkafa. Abin da ya gani fari-fari ne kawai, yana lilo kamar shanyar marigayiya matarsa.

"Arba'in da bakwai," ya ce. "Ba madubi."

Siu-lan ta ƙirga sau biyu. Talatin da ɗaya ne. Ta sauke madubin a hankali.

"Da bakwai ɗin cif, Baba."

Ya gyara zama. "Ai na gaya miki."