Goshin da Gwaggo Baraka Ta Yi Mini

"Ba za ni Landan ba, Gwaggo."

A durƙushe na faɗa, a kan sabon kafet ɗin falonta na GRA. Gwaggo Baraka, yayar mahaifina, ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Mi kika ce, Sa'adiya?"

"Na ce a bar mini goshina yadda yake."

Ta riga ta gama shiri ba tare da ta tambaye ni ba. Likitan da ke duba ta a can ne ya haɗa ta da wani mai gyaran fuska. Wai za a yanke fatar da ta mutu a saman goshina, a jawo fatar kai mai gashi ƙasa a ɗinke, in ya warke ko mai kitso ba za ta gane ba.

Ita ta yi mini goshin. Da iyayenmu suka rasu, ita ta ɗauke mu riƙo, ni da wana Lawal. A Ƙofar Marusa muke lokacin, mijinta Alhaji Dabo yana sayar da siminti a ɗan shago. Wani jajiberen sallah ta zaunar da ni za ta miƙar mini da gashi da matsefin ƙarfe da ake ɗorawa kan garwashi. Ranar na gudu makaranta na bar mata farantin talla, tana cike da ni. Ta ɗora matsefin a bakin gashina ta danna. Na yi ƙara, ba ta ɗaga ba. Da safe ta sa aka yi mini kitso mai tsauri a kan ƙunar don kada baƙi su gani. Wurin ya ruɓe, ya warke, gashi bai sake fitowa ba. Ta gaya wa maƙwabta makero ne.

Da wannan goshin na yi firamare, yara na kirana filin ƙwallo. Da shi na shiga kwalejin horon malamai mata, na fito ta ɗaya a ajinmu. Ban taɓa yi mata kuka a gabanta ba, ban kuma manta ba.

Sai kuɗin fetur suka zo. Alhaji Dabo ya zama ɗan kwangila, muka koma GRA, Gwaggo ta zama shugabar wata ƙungiyar mata da ke gina gidan marayu. Har an fara kiranta Uwar Marayu. Ni ce marainiyar da take nuna wa mutane, amma ƙawayenta sun fara kallon goshina suna tambaya.

"Alheri nike maki, 'yar banza," in ji Gwaggo, ina nan durƙushe a falon. "In kin ƙi, ke da Lawal ku nemi wata gwaggon. Kuma ya aje makullan siton Alhaji."

Lawal ne ke riƙe da siton kamfanin, da albashinsa yake shirin aure. Da yamma ya same ni a bayan kicin.

"Ƙanwata, mutane na roƙon a kai su Landan, ke ana roƙonki. Ki je ki hau jirgi, ki dawo da goshi irin na 'yan fim, kowa ya huta."

"Yaya, kana wurin ranar. Kai ka riƙe mini ƙafa."

Ya sunkuyar da kai. "Yaro nike lokacin. Mi za ki samu in kin ƙi?"

"Za ta riƙa ganinsa kullum."

Gwaggo ta jinkirta korar har a buɗe gidan marayun, don tana so a gan ni ina raba wa baƙi lemo. Ta aiko mini da sabon leshi, ta ce in sauko da ɗaurin ɗankwali har kan gira.

Na sa leshin. A bakin rumfar taro na tura ɗankwalin baya har tsakar kai, na ɗauki tire na nufi layin manyan baƙi. Gwaggo na tsaye da lasifika tana cewa maraya amana ne. Wata dattijuwa, matar wani babban jami'i, ta karɓi lemo ta riƙe hannuna.

"Ɗiyata, wuta kika faɗa kina ƙarama?"

Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage ta ba. "A'a, Hajiya. Gwaggona ce ta danna mini matsefi mai zafi don na tafi makaranta. Ga ta can tana magana."

Matar ta saki hannuna ta juya ga ta kusa da ita. Na ga maganar tana bin layin kujera bayan kujera, har ta kai ga matan Ƙofar Marusa da ke baya, waɗanda suka gyaɗa kai don sun daɗe da sani. Gwaggo ta hango goshina yana ƙyalli a rana. Ta maimaita jimla ɗaya sau biyu, ta zauna ba ta ƙarasa ba. Na ci gaba da raba lemo har tiren ya ƙare.

Ba a sake zaɓenta shugaba ba. Na ji daɗi, har yau ina jinsa.

Ranar taron, kafin magariba aka fito da akwatina bakin ƙofa. Yanzu ina haya a ɗaki ɗaya a Ƙofar Ƙaura, ina koyar da aji huɗu. An karɓe makullan sito daga hannun Lawal, iyayen yarinyar da zai aura suka fasa ba shi, ya koma dako a tashar mota. In mun haɗu a hanya, tsallakawa yake yi. Shi kaɗai ne ɗan'uwana a duniya, kuma na rasa shi.